Yaran Baba Shiru a Laburaren Jami'a

Shekara goma sha ɗaya Baba Shiru ya yi yana rubuta wa jami'a wasiƙa. Duk farkon shekarar karatu sai ya ɗauko farar takarda da rula, ya ja layi da fensir don kada rubutu ya karkace, ya roƙi a bar 'yan ajin ƙarshe na makarantarmu su shiga laburaren jami'a su yi bincike, ko na yini guda ne. Sau goma ba amsa. Mu malamai har mun mai da abin na tsokana. In muka haɗu da shi a baranda sai wani ya tambaye shi ko surukan nasa sun amsa, shi kuma ya ce ana kan hanya.

Shi ne mai kula da laburaren makarantarmu, in dai za a kira wurin laburare. Ɗaki guda ne tsakanin ofishin shugaba da sito, da kanta shida, da tebur biyu, da fanka ɗaya mai juyawa ranar da ta ga dama. Sunan kuwa ɗalibai ne suka laƙaba masa, don ba ka shiga ɗakin nan ka fita bai ɗora yatsa a leɓe ba, ko da kai kaɗai ne a ciki. Ni malamar tarihi ce, kuma a nan na same shi. Shekararmu tara tare, aƙalla rabinsu muna faɗa.

Faɗan namu a kan doka ɗaya ne. A wajen Baba Shiru kowane littafi yana da gidansa a kan kanta, kuma littafi ba ya zaman banza a kan tebur. Ka gama da shi, ka mayar. Ba ka gama ba amma ka tashi, to ka gama ke nan. Ya taɓa zare littafi daga ƙarƙashin gwiwar hannuna don kawai na juya ina amsa gaisuwa ta taga. Shugaban makaranta ma bai tsira ba: ya ari ƙamus da safe, kafin azahar Baba ya tsaya masa a bakin ofis, bai ce komai ba, har sai da shugaba ya miƙo ƙamus ɗin ya kuma ba da haƙuri.

Wasiƙa ta goma sha ɗaya ce aka amsa. Shugabar laburaren jami'a ta ce a kawo ɗalibai arba'in, yini guda, a matsayin gwaji. In aka tashi lafiya, za a ba makarantarmu izinin zuwa kowane zango. In kuwa aka samu koke ko guda ɗaya daga masu karatu, to kada a sake rubutowa. Baba ya karanta takardar a tsaye, ya sake karantawa a zaune, sannan ya linke ta ya sa a aljihun gaba. Wata uku suka rage masa ya yi ritaya. Kowa ya san in wannan ƙofa ta rufe, ba wanda zai sake ɓata shekara goma sha ɗaya yana ƙwanƙwasa ta.

Mako biyar aka ba mu. Shugaban makaranta ya ce ni zan shirya yara ta fuskar bincike, Baba kuma ya shirya su ta fuskar ladabi. Da na ce ai ladabin ba zai wuce jawabin minti goma ba, Baba ya dube ni kamar na zagi iyayensa, ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Daga ranar nan ban sake ganin yarana sosai ba.

Abin da ya fara yi shi ne nemo wani tsohon ɗalibinmu da ke karatu a jami'ar, ya sa shi ya zana masa taswirar ginin, ya kuma kwafo masa lambobin da ke manne a gadon bayan littattafai, har ɗari huɗu. Washegari muka tarar Baba ya zana laburaren jami'a a filin ƙwallo da farar ƙasa. Ga ƙofa, ga wurin ajiye jaka, ga layukan kanta, ga matakala. Kujeru biyu ya jera a matsayin ƙofa, yana zaune a gefe shi ne mai gadi. Yara arba'in suka riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya, su gaishe shi da raɗa, in sun iso wurin da aka rubuta matakala su riƙa ɗaga ƙafa suna hawan iska. Wani yaro ya ƙetare layi don ya yanke hanya, Baba ya ce ya ratsa bango, ya koma ya sake shigowa ta ƙofa. Malamin wasanni ya zo ya tsaya da ƙwallo a hammata, ya kalla ya kalla, ya juya ya tafi.

Sai aka zo kan takalma. Kowa ya zo da wanda zai sa ranar tafiya, ya taka daga wannan bango zuwa wancan, Baba ya sunkuyar da kai yana saurare. Duk takalmin da ya yi kuka an soke shi. Ɗaliba ɗaya ta fashe da kuka ita ma, don sabo fil babanta ya saya mata saboda tafiyar. An koyi yin atishawa a cikin hannun riga. An koyi jan kujera ta hanyar ɗaga ta. An koyi buɗe shafi ba tare da lasar yatsa ba, abin da ni kaina har yau ban iya ba. Ya kuma ja musu kunne ƙwarai a kan kalle-kalle.

"Kada in ji an ce ɗayanku ya saki baki yana kallon bango da rufi," in ji shi. "Ido a ƙasa, ko a kan littafi. Mai ɗaga kai shi ake ganewa baƙo ne."

Babban darasin dai shi ne na lambobi. Ya yayyanka kwali ɗari huɗu, ya rubuta wa kowane lambarsa irin ta jami'a, haruffa a sama, lamba a ƙasa, da ɗigo da wasu ƙananan lambobin a bayansa. Sai ya zube su a tsakar ɗaki ya cakuɗa, ya ari agogon direban makaranta, ya ce a jera. Ranar farko sa'a biyu suka yi, kuma rabi ba daidai ba. A mako na huɗu minti goma sha ɗaya suke yi. Monitar ajin, wata siririyar yarinya da ba ta cika magana ba, ta kai in ka miƙa mata kwali, ko kallon ƙasa ba ta yi za ta kai shi mazauninsa.

Ni kuwa minti ashirin yake bar mini a rana. A cikinsu zan koya wa yara yadda ake tsara tambayar bincike, da yadda ake ɗaukar bayani, da yadda ake rubuta inda aka samo shi. Rannan haƙurina ya ƙare. Na same shi shi kaɗai bayan an tashi, yana manne wani kwali da ya yage, na ce masa karatu za mu kai yaran nan, ba aikin jera kaya ba, kuma in jami'a ma'aikata take nema sai ta yi talla.

Bai yi fushi ba, abin da ya ƙara ba ni haushi. Ya ce in zauna. Ya ce yana ɗan shekara ashirin da biyu, sabon ɗauka a aikin nan, an aike shi laburaren jami'ar da wata takarda. Da ya miƙa saƙon sai ya ga ba wanda ya hana shi, ya shiga ciki. Bai taɓa ganin littattafai haka ba. Ya zaro ɗaya a kan taurari, ya fara karantawa, zafi ya dame shi, ya hango inuwar bishiya ta taga. A ransa ya ce bari ya je can ya ƙarasa babin ya dawo da shi. A bakin ƙofa aka riƙe masa riga. Aka zazzage aljihunsa a gaban ɗalibai maza da mata, aka sa shi ya cire hula da takalmi, aka kira shi da sunan da bai maimaita mini ba.

"Ba sata na yi niyya ba, Malama," ya ce, yana shafa kwalin da babban yatsa. "Rashin sani ne. To yaran nan ba za su je da rashin sani ba."

Tausayinsa ya kama ni. Na ɗauki kwalbar gam na taya shi. Washegari dai na ƙwaci minti talatin, don tausayi bai hana gaskiya ba.

Ranar tafiya Baba ya zo da riga mai karin guga wanda zai iya yanka hannu. A cikin bas bai zauna ba, yana bi kujera kujera yana duba farce. Da muka isa, yara suka sauka suka jeru ba tare da an ce musu ba, suka shiga ɗaya bayan ɗaya suna gaida mai gadi da raɗa, har mutumin ya tsorata ya miƙe tsaye. Aka nuna mana akwatunan ajiye jaka a gefen ƙofa. Baba ya dube su, ya ce ba su da makulli, jaka arba'in kuwa amana ce, don haka shi zai zauna a kan bencin nan ya tsare. Mai gadi ya ce aikinsa ke nan, shekara takwas ba a taɓa ɗaukar ko biro ba. Baba ya ce ya sani, amma dai.

Na dube shi, ya kau da kai. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Taku huɗu ne tsakanin bencin da ƙofar ciki, na kuma san ba jaka ce ta zaunar da shi ba. Na ƙyale shi, na bi yarana.

Wani matashin ma'aikaci ya karɓe mu, ya nuna wa yara yadda ake neman littafi a kwamfuta, ya zaga da mu hawa na biyu inda babban zauren karatu yake, ya ce in muna da tambaya yana ƙasa. Yara suka watsu kowa da takardar tambayarsa. Wallahi sun burge ni. Ba tari, ba ƙarar kujera, kowa ya kwafi lamba ya tafi kai tsaye ya zaro abin da yake nema, kamar a nan aka haife su.

Nan ne nawa laifin ya shigo, kuma ba zan ɓoye ba. Na leƙa sashen tarihi don in duba wa wata ɗaliba abu, sai na ci karo da littafin da na yi shekara shida ina nema. Na ce bari in ga shafin farko. Na zauna a ƙasa tsakanin kanta biyu, kuma daga nan ban san inda duniya take ba.

Abin da ya faru a bayan idona, daga baya na ji shi. Wajen ƙarfe ɗaya masu karatu suka fara fita cin abinci, kowa ya bar littattafansa a kan tebur. Yaranmu sun gama zagayen farko, sun mayar da nasu, sai suka waiga suka ga zaure cike da tebura, kowane da tulin littattafai, ba kowa a kai. Daga baya Monita ta ce zuciyarta ce ta ƙi. A ganinta manyan mutane ne suka yi abin kunya, kuma in shugabar wurin ta shigo ta ga haka, mu baƙi za a zarga. Ba ta yi magana ba, ta dai ɗauki littafi ɗaya ta duba lambarsa. Sauran suka gane.

A jikin kowane ginshiƙi na zauren nan akwai allo da manyan haruffa, yana roƙon masu karatu kada su mayar da littafi kan kanta, su bar shi a tebur ma'aikata su mayar. Allunan suna sama da kai. Yara arba'in suka wuce ta ƙarƙashinsu sau ba adadi, ido a ƙasa. Cikin minti ashirin suka share tebur goma sha tara. Da suka ga amalanken ma'aikata biyu a lungu shaƙe da littattafai, suka haɗa da su. Sannan suka koma suka zauna, hannu a kan cinya, suna jiran yabo.

Ihu ne ya dawo da ni duniya. Na fito da gudu na tarar da wani mutum mai furfura a gemu tsaye a gaban teburin da ke jikin taga, ya ɗora hannu biyu a ka. Ɗalibin digirin digirgir ne. Kwana tara ya yi yana tara littattafai talatin da huɗu daga hawa uku, da izinin a bar masa su a wurin, kowane da 'yan takardu a soke a shafukan da yake buƙata. Bai rubuta sunayensu ko'ina ba. Ya fita ya ci abinci ya dawo ya tarar da tebur kamar an lashe. Sauran masu karatu suka riƙa dawowa, kowa ya tsaya yana juyi yana duba ko wani hawan ya shigo bisa kuskure.

Shugabar laburare ta hauro da kanta, wata dattijuwa gajera mai tabarau a rataye a wuya. Ta saurari mutumin, ta dubi teburan, ta dubi yara, ta tambayi wanda ya ce su yi haka. Ba wanda ya amsa, don an hana su magana. Ta ce a kira wanda ya shirya su.

Haka Baba Shiru ya shiga laburaren jami'a bayan shekara talatin da takwas, mai gadi a gaba, shi a baya. An ce da ya zo ƙofar ciki sai da ya tsaya ya ɗaga hannuwa a caje shi, mai gadi ya ce masu fita ake dubawa. Da ya iso zauren, ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

"Ranki ya daɗe, ni ne," ya ce. "Ni na koya musu. In hukunci ne a yi a kaina, ni tafiya zan yi. Su ba su san komai ba sai abin da na faɗa musu."

Ta nuna masa allon. Ya ɗaga kai ya karanta, yara arba'in ma suka ɗaga kai a karon farko tun safe. Ta bayyana masa cewa dokar ba don lalaci aka yi ta ba: littafin da aka soke a inda ba nasa ba, a gini mai littafi dubu ɗari uku, ya ɓata ke nan, wani sai bayan shekaru a gan shi. Yanzu ga ɗaruruwa an soke, Allah kaɗai ya san ina. Garin gyaran gira mun rasa ido, kuma ni da ke zaune a ƙasa ina karatu ba ni da bakin magana.

Sai Monita ta ɗaga hannu kamar a aji. Shugaba ta ce ta yi magana. Da raɗa, har sai da muka matsa, ta ce in an yarda za su dawo da na teburin taga. Mai digiri ya ce ta yaya, shi da kansa bai san sunayensu duka ba. Ta juya ta tambayi waɗanda suka kwashe teburin. Hannu bakwai suka tashi. Kowa ya tuna inda ya kai nasa, don sai da ya karanta lambar sau biyu kafin ya soke, kuma 'yan takardun suna leƙowa ta sama. Suka watsu ba ƙarar takalmi ko ɗaya. Minti goma sha huɗu, littafi talatin da huɗu suka dawo kan tebur, takardunsa ko ɗaya bai faɗi ba. Mutumin ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya nemi abin da zai yi fushi a kai, a ƙarshe ya ce ai ba haka ya jera su ba. Sauran teburan ma aka bi su haka, duk wanda ya nuna wurin zamansa aka dawo masa da nasa.

Shugaba ba ta gamsu ba tukuna. Ta sa ma'aikatanta uku su ɗauki jerin littattafan da ke kan amalanken nan biyu, su bi kanta su duba. Muka tsaya kusan rabin sa'a, Baba ya ƙi zama. Da suka dawo, babbansu ya ce sun duba sittin, duk suna mazauninsu. Ya ƙara da cewa aikinsu na yamma ke nan gaba ɗaya, yana faɗa yana satar kallon shugabarsa, don bai san ko abin murna ba ne ko na tsoro.

Ta mai da tabarau kan hanci, ta tambayi mai digiri ko zai rubuta koke. Ya dubi tulinsa, ya dubi Baba da hularsa a ƙirji, ya ce shekara shida yana fama da rubutu ɗaya bai gama ba, ba shi da ƙarfin fara wani.

A ofishinta ta sa hannu a takardar izini, da sharaɗin cewa duk yaron da ya sake taɓa teburin wani, ita da Baba ne. Ta tambaye shi inda ya koyi aikin, ya ce a kwali. Ta buɗe kalanda ta rubuta ranar zuwa na gaba, mako na uku na sabon zango, ta miƙa masa.

A kan matakala, ta gaske wannan karon, ya tsaya ya duba ranar. Na ga yana lanƙwasa yatsu yana lissafin watanni. Ya kai ƙarshe, ya sake farawa, amsar ba ta canja ba.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Za su zo."

Na ce za mu zo dai, Baba. Ya girgiza kai, ya ce a lokacin wani ne ke riƙe da makullin laburaren makaranta, kuma bas ba ta ɗaukar wanda ba ma'aikaci ba. Ya miƙo mini takardar, ya ce in ajiye, ni zan daɗe. Na karɓa.

Ya juya ya kalli zauren ta ƙofar gilashi, ya daɗe yana kallo, kai a sama. Sannan ya sa hularsa, ya sauka ya je ya fara raba wa yara jakunkunansu.